Almakashi da Kyamara: Yadda Amurka Ta Mayar da Masu Farautar Rangwame Abin Kallo

A ranar 29 ga Disamba, 2010, tashar talabijin ta TLC a Amurka ta nuna wani shiri na musamman mai suna Extreme Couponing, wato wuce gona da iri wajen amfani da takardun rangwame. Sama da mutum miliyan biyu suka kalle shi, abin da ya sa tashar ta mayar da shi shiri mai dogon zango daga watan Afrilun 2011. Tsarinsa kusan ɗaya ne a kowane mako. Za a fara da gidan mai sayayya, wadda galibi mace ce, a zagaya da kyamara cikin gareji ko ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda aka jera man goge baki da sabulun wanki da taliya kamar a kanti. Daga nan a bi ta babban kanti ta cika kekunan sayayya huɗu ko biyar. A ƙarshe a tsaya gaban mai karɓar kuɗi, jimilla ta hau ɗaruruwan daloli, wani lokaci ta haura dubu, sai ta miƙa damin takardu. Ana haska su a na'ura ɗaya bayan ɗaya, lamba na gangarowa, kiɗa mai tayar da hankali na tashi, har ta tsaya a kan 'yan daloli kaɗan. Ma'aikatan kanti su tafa.

Takardar rangwame, wadda Amurkawa ke kira kupon, 'yar guntuwar takarda ce da kamfani ke bugawa da alƙawarin cewa duk wanda ya kai ta kanti za a rage masa wani abu daga kuɗin kaya kaza: senti 50 daga kwalbar man shafawa, ko dala ɗaya daga kwalin sabulu. Mai kanti ya rage, ya tara takardun, kamfani ya mayar masa da abin da ya rage, har da 'yar la'adar wahala da ta daɗe a kan senti 8 kowace takarda. Shekaru fiye da ɗari ke nan wannan takarda tana yawo a Amurka, kuma a tsawon lokacin kafafen labarai sun zana mai amfani da ita da fuskoki dabam-dabam: sarauniyar tattali, mai taɓin hankali, ɓarauniya. Abin da bai sauya ba shi ne inda aka kafa kyamara. Kullum tana kallon hannun da ya miƙa takardar, ta juya wa hannun da ya buga ta baya.

Daga kofin Coca-Cola zuwa jaridar Lahadi

An haɗa Coca-Cola a birnin Atlanta a 1886, ana sayar da kofi ɗaya senti 5 a shagunan magani masu famfon ruwan soda. Matsalar sabon abin sha ita ce ba wanda ya san ɗanɗanonsa, balle ya fitar da kuɗinsa. Tun a ƙarshen shekarun 1880 aka fara raba tikitin kofi ɗaya kyauta, kuma Asa Candler, wanda ya mallaki kamfanin daga baya, ya faɗaɗa dabarar: ana aika tikitin ta gidan waya, ana saka shi a mujallu, ana ba masu shaguna ruwan haɗin kyauta domin su cika alƙawarin. Ƙiyasin da aka saba kawowa a tarihin kamfanin shi ne an sha kofi miliyan 8.5 kyauta tsakanin 1894 da 1913, kusan Ba'amurke ɗaya cikin tara. Hausawa na cewa banza ba ta kai zomo kasuwa. Kofin farko kyauta ne domin a sayi na biyu da na ɗari.

C. W. Post, mai kamfanin abincin karin kumallo, ya kai dabarar kantin kayan abinci da takardar rage senti ɗaya daga kwalin Grape-Nuts. Amma sai da karayar tattalin arziki ta shekarun 1930 ta jefa miliyoyin magidanta cikin rashin aiki sannan yankan takardar rangwame ya zama aikin gida na yau da kullum. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu manyan kantuna suka bazu a unguwannin bayan gari, takardun suka yi yawan da kamfanoni da kantuna ba za su iya lissafinsu da kansu ba. A 1957 kamfanin Nielsen ya buɗe gidan tantance takardun a garin Clinton na jihar Iowa, ya zama dillali tsakanin mai kanti da mai kaya. Daga baya aka mayar da yawancin wannan aiki garuruwan kan iyaka na Meziko, inda ma'aikata masu ƙaramin albashi ke warewa da ƙirga takardun da hannu.

A gefe guda akwai tamburan sayayya, waɗanda suka fi shahara da koren tamburan kamfanin Sperry & Hutchinson. Mai kanti zai ba ka su gwargwadon abin da ka kashe, ka manna a ɗan littafi, idan littattafai suka taru ka musanya da tukunya ko fitila. A shekarun 1960 har ana cewa kamfanin na buga tamburan da suka ninka na hukumar gidan waya sau uku. Dokokin da wasu jihohi suka kafa kan tamburan ne suka bar wa takardar rangwame wani ɗan rubutu a gindinta, cewa darajarta a tsabar kuɗi kashi ɗaya ce cikin ɗari na senti.

Abubuwa biyu suka kammala ginin a shekarun 1970. A 1972 kamfanin Valassis ya soma cusa ɗan littafin takardun rangwame mai launi a cikin jaridun ranar Lahadi, wanda ya zama babbar hanyar raba su har tsawon shekaru arba'in. A ranar 26 ga Yuni, 1974 kuma, a wani kantin Marsh da ke garin Troy na jihar Ohio, na'ura ta fara karanta lambar nan mai layi-layi da ke jikin kaya, a kan ƙunshin cingam na Wrigley. Sannu a hankali lambar ta hau jikin takardun rangwame su ma. Zuwa 1992 Amurkawa sun kai takardu kusan biliyan 8 kantuna a shekara ɗaya, adadin da ba a sake kaiwa ba.

Me ya hana a rage farashi kawai?

Tambayar da mai karatu zai yi ita ce: idan kamfani na iya sayar da sabulu da ragin senti 50, me ya sa zai ɗauki wahalar bugawa da rabawa da tantancewa, maimakon ya sauke farashi ga kowa?

Duk wanda ya taɓa ciniki a Kurmi ko Kantin Kwari ya san amsar. Mai kaya ya faɗi kuɗi, mai saye ya taya, a ce albarka, a ja, a sake tayawa, har a sallama. Mai sauri da cikakken aljihu ya biya kusa da farashin farko ya wuce. Mai haƙuri da ƙaramin ƙarfi ya tsaya ya ɓata rabin sa'a ya samu sauƙi. Kaya ɗaya, farashi biyu, kuma mai kaya bai rasa ko ɗaya daga cikinsu ba. Manyan kantunan Amurka sun kashe ciniki tun ƙarni na 19 da suka manna wa kowane kaya farashi ɗaya, sai takardar rangwame ta dawo da shi ta bayan gida. Wahalar nemo jarida, yankawa, adanawa da tuna ranar ƙarewar wa'adi ita ce ta maye gurbin tsayuwa a gaban mai kaya. A 1984 masanin kasuwanci Chakravarthi Narasimhan ya wallafa wani bincike da ya shahara a kan wannan: takardar rangwame matankaɗi ce da ke raba masu saye gida biyu, waɗanda kuɗi ya fi lokaci tsada a wurinsu da waɗanda lokaci ya fi kuɗi.

Matankaɗin yana aiki ne muddin yawancin mutane ba su damu da takardar ba. A 2010 kamfanonin kayan masarufi sun raba takardu sama da biliyan 300, aka yi amfani da kimanin biliyan 3.3, kusan ɗaya cikin ɗari. Sauran 99 sun yi aikin talla kawai suka tafi kwandon shara. A kan wannan lissafi aka gina kasafin kuɗin. Idan aka samu wadda ta tattara kwafi ashirin na jarida ɗaya, ta kai kowace takarda kanti a makon da ya fi dacewa, ba ta karya doka ba, amma ta rushe zaton da aka gina tsarin a kansa.

Kamfanoni sun gwada tserewa daga abin da suka ƙirƙira. A 1996 Procter & Gamble ya dakatar da takardun rangwame a biranen Buffalo da Rochester da Syracuse na jihar Niyok, da hujjar cewa almubazzaranci ne, gara a sauƙaƙa farashi ga kowa. Jama'a suka tayar da ƙura, aka tattara sa hannu, aka yi kiran ƙaurace wa kayansa, babban lauyan jihar ya buɗe binciken haɗa baki tsakanin kamfanoni. A 1997 Procter & Gamble da wasu kamfanoni tara suka amince da sulhu na dala miliyan 4.2, kuma da takardun rangwame aka biya jama'a. A 2012 Ron Johnson, wanda ya gina shagunan Apple kafin a ɗauko shi ya shugabanci J. C. Penney, ya soke takardun rangwame da yawan garabasa, ya ce zai sa farashi na gaskiya tun farko. Ciniki ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu a shekara guda, aka sallame shi a watan Afrilun 2013. Mutanen da aka shekara ɗari ana koya musu cewa farashin da ke kan kanta na malalata ne ba su yarda a raba su da daɗin cin nasara ba.

Zamanin sarauniyoyi

Fuska ta farko da kafafen labarai suka ba ƙwararriyar mai yanka takardu ta yabo ce. Shekarun 1970 na hauhawar farashi ne a Amurka, har matan aure suka shirya ƙaurace wa nama a 1973. A wannan yanayi Susan Samtur, malamar makaranta daga Niyok, ta fara fitar da wata 'yar mujalla ta masu neman rangwame mai suna Refundle Bundle, ta wallafa littafi a 1979, gidajen talabijin suka yi ta gayyatarta suna kiranta sarauniyar kupon. Tun a lokacin aka ƙirƙiro wasan da TLC ta gada: ɗan jarida ya bi ta kanti, ta cika keke, ta biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, a nuna rasit. Jaridu ma suna da marubuta na musamman a kan harkar, kuma ba abin mamaki ba ne, domin ɗan littafin rangwame na cikin abin da ke sayar da jaridar Lahadi. Gidan jaridar da ke yabon mai almakashi kasuwarsa yake yi wa talla.

Hoton sarauniya ya zo da darasi a ɓoye: mace ta gari tana iya riƙe gida ko da albashi bai ƙaru ba, idan ta yi ƙwazo. Tsadar rayuwa, wadda matsala ce ta albashi da farashi, ta koma jarrabawar basirar uwar gida. Sa'o'in da take ɓatawa a kan tebur da almakashi ba a lissafa su a matsayin aiki ba, kamar yadda ba a lissafa girki da wanki.

Ana ganin bambancin idan namiji ne ya yi. A 1999 David Phillips, injiniya a jihar Kalifoniya, ya lura cewa kamfanin Healthy Choice na ba da makin tafiya a jirgin sama ga duk wanda ya aiko da lambobin jikin kayansa, kuma makin ya fi kuɗin ƙaramin kofin wani kayan zaƙi daraja nesa ba kusa ba. Ya sayi kofi 12,150 a kan kimanin dala 3,000, ya ba ƙungiyar agaji ta Salvation Army kayan zaƙin, 'yan sa-kai suka taya shi ɓare lambobin, ya tashi da maki sama da miliyan 1.2. Jaridu suka ɗauke shi gwanin lissafi da ya ci kamfani da dokarsa, har labarinsa ya shiga fim ɗin Punch-Drunk Love na 2002. Dabararsa ita ce dabarar matan da za a nuna a TLC bayan shekaru goma: karanta ƙananan sharuɗɗa, lissafi, saye da yawa. Shi an kira shi mai wayo. Su kuwa an shiga ɗakunansu ana tambaya ko lafiyarsu ƙalau.

Abin da TLC ta nuna da abin da ta ɓoye

Rikicin kuɗi na 2008 ya dawo da almakashi kan tebur. Bayan shekaru 17 ana raguwa, amfani da takardun rangwame ya ƙaru da kashi 27 cikin ɗari a 2009, bisa lissafin kamfanin tantancewa na Inmar. Intanet ta haɗa masu harkar wuri ɗaya, suna sanar da juna wane kanti ya karya farashin me, da wace takarda za a haɗa. A watan Maris na 2010 jaridar Wall Street Journal ta kwatanta abin da sabon wasan kasada. Kafin shekara ta ƙare ya hau talabijin.

Dabarar ba sihiri ba ce. A ɗauki misalin man goge baki na dala 3. Kanti ya karya shi zuwa dala 1.50 na mako ɗaya. Mai saye tana da takardar kamfani ta senti 50, kuma kantin na da al'adar ninka ƙananan takardu, ta zama dala ɗaya. Ta ɗora takardar kantin kansa ta senti 50. An tashi a sifili. Idan tana da kwafi ashirin ta kwashi ashirin, domin damar ba za ta dawo ba sai bayan watanni. Daga nan rumbun gareji ya samo asali, kuma hikimarsa ita ce ta manomin da ke saye da kaka ya ci da bazara.

Sai dai tashar da ta ɗauki shirin tana da irin nata ido. A 2010 ɗin ne TLC ta fara Hoarding: Buried Alive, kan masu cutar tara tarkace, kuma a watan Disamban da aka nuna shirin rangwame ta fara My Strange Addiction, kan masu jarabar abubuwan ban mamaki. A tsakiyar waɗannan aka ajiye mai yanka takardu. Shirin farko ya nuna Joanie Demer, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa The Krazy Coupon Lady, tana tonon kwandon tsofaffin jaridu tana neman takardu. Kyamara ta fi son ɗaruruwan kwalabe a jere, da mijin da ke girgiza kai, da zufar da ke karyowa idan na'ura ta ƙi karɓar takarda. An gayyaci mai kallo ya yi sha'awa ya kuma yi dariya a zama ɗaya, a ƙasar da miliyoyin mutane suka rasa gidajensu ba da daɗewa ba.

Ba a jima ba asiri ya soma tonuwa. Jill Cataldo, marubuciya kan harkar rangwame, da wasu ƙwararru suka riƙa tsayar da hoton shirin suna karanta takardun, suka nuna cewa wata da aka nuna a watan Afrilun 2011 ta yi amfani da takardun wasu kaya a kan wasu kayan dabam, ta hanyar sanin raunin lambar mai layi-layi. Kantin Lowes Foods na jihar North Carolina ya fito ya ce an sassauta ƙa'idojinsa domin ɗaukar shirin, wasu abubuwan ma shirya su aka yi, ya kuma nuna nadamar shigarsa. Coupon Information Corporation, ƙungiyar da kamfanoni suka kafa domin yaƙi da zambar takardu, ta ce an yi amfani da na jabu a wani kashi na shirin. Wato rasit ɗin da ya sa miliyoyin mutane sayen almakashi, sau da yawa ba mai samun irinsa a ranar da babu kyamara.

Akwai kuma abubuwan da shirin bai tsaya a kansu ba. Wasu daga cikin waɗanda aka nuna sun ce suna ɓata sa'o'i talatin ko fiye a mako, aikin da ya kai na ma'aikaci. Ba a cika lissafa kuɗin jaridu da tawadar firinta da man mota ba. Binciken Nielsen na wancan lokaci ya nuna cewa gidaje masu rufin asiri sun fi matalauta yawan amfani da takardun, domin harkar na buƙatar mota, da wurin ajiya, da lokaci, da kuɗin sayen ashirin yau. Mai aiki biyu da ke hayar ɗaki ɗaya ba ta da ko ɗaya. Abin da ke cikin keken ma abin dubawa ne: wani bincike da aka wallafa a 2014 a mujallar Preventing Chronic Disease ya duba takardun rangwame fiye da dubu na manyan kantuna a intanet, ya tarar kashi ɗaya cikin huɗu na kayan ƙwalam da alewa ne, kayan lambu kashi 3 cikin ɗari, 'ya'yan itatuwa ƙasa da kashi ɗaya. Tumatir ba shi da kamfanin da zai buga masa takarda.

Sakamakon ya faɗa kan masu harkar na yau da kullum. A 2011 manyan kantuna irin su Rite Aid da Target da Publix suka tsaurara ƙa'idoji, Kroger ya daina ninka takardu a birnin Houston. Jaridu suka riƙa kawo labarin satar jaridun Lahadi daga akwatunan sayarwa. Uwar da ke rage dala ashirin a mako ta zama abin harara a layin biyan kuɗi. Shirin ya ƙare a ƙarshen 2012, tashar ta kwashi kuɗin talla ta koma wani abin kallon. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Fuskar ɓarauniya

Zamba ta daɗe a cikin harkar, amma tarihinta ya nuna cewa manyanta ba a teburin cin abinci suke zaune ba. A 1977 masu binciken hukumar gidan waya suka buga takardar rangwame ta wani sabulun wanki mai suna Breen a jaridun yankin Niyok. Babu sabulu mai wannan suna a duniya. Duk da haka dubun-dubatar takardun suka dawo daga kantuna ana neman a biya, shaidar cewa masu kantuna da 'yan kanzaginsu na yanka takardu da yawa suna karɓar kuɗi ba tare da an sayar da komai ba. A 2007 kotun tarayya a Milwaukee ta tuhumi International Outsourcing Services, ɗaya daga cikin manyan gidajen tantancewa, da shugabanninsa da zambar da aka ƙiyasta ta kai dala miliyan 250. Shugaban kamfanin, Chris Balsiger, ya samu ɗaurin shekara 10 a 2017. Labarin bai wuce shafukan kasuwanci ba.

Wanda ya zama fim shi ne na wasu mata uku da 'yan sanda suka kama a birnin Phoenix na jihar Arizona a watan Yulin 2012, da takardun jabu da aka ƙiyasta darajarsu da dala miliyan 40. A 2021 aka fitar da Queenpins, fim ɗin barkwanci da Kristen Bell ta fito a ciki, wanda aka gina a kan labarinsu. A shekarar ce kuma kotu ta yanke wa wata mata a Virginia Beach ɗaurin shekara 12 kan buga takardun jabu da suka jawo asarar dala miliyan 31.8. Laifukan na gaske ne, hukuncin ma na gaske ne. Amma zaɓin wane labari zai zama nishaɗi ya bi tsohon layi: matar aure mai fayil ɗin takardu ta fi mai kwat a ofis daɗin kallo, kuma kowane irin wannan labari yana ƙara shafa wa mai gaskiya kashin kaji.

Bayan almakashi

Bayan 2011 amfani da takardun ya soma gangarowa, jaridun Lahadi suka yi ta mutuwa ko ramewa, kuma zuwa farkon shekarun 2020 adadin da ake kaiwa kanti a shekara ya faɗi ƙasa da biliyan ɗaya. Rangwamen ya koma waya. Yanzu mai saye na danna shi a manhajar kanti, ya hau katin zama abokin ciniki, kuma yawanci sau ɗaya ake amfani da shi, don haka babu zancen kwafi ashirin. A 2020 PayPal ya kammala sayen Honey, manhajar da ke nemo lambobin rangwame a intanet, a kan kimanin dala biliyan 4, kuɗin da ke nuna darajar sanin abin da mutane ke shirin saye. Kroger na da kamfanin nazarin bayanai na kansa mai suna 84.51°, wanda ke sarrafa tarihin sayayyar masu katin ya sayar wa masu kaya da abin da ya gano. Da can lokaci ake biya a samu rangwame, yanzu an ƙara da bayanan kai, kuma kanti na iya aika wa maƙwabta biyu tayi dabam-dabam ba tare da ɗaya ya san na ɗaya ba.

Wannan sabon tsari bai dace da talabijin ba. Babu dami, babu fayil, babu lambar da ke gangarowa a hankali ana kiɗa. Masu farautar rangwame suna nan, sun koma ɗaukar kansu da kansu a TikTok da YouTube, da yawansu kuma na samun la'ada daga kamfanonin da suke tallata wa kaya. Amma matankaɗin na ci gaba da tankaɗe, sai dai waɗanda ke zama tsaki sun sauya. A watan Nuwamban 2022 ƙungiyoyin kare haƙƙin masu saye, ciki har da Consumer Reports, suka rubuta wa manyan kantunan Amurka wasiƙa suna koke kan rangwamen da ba a samu sai ta manhaja, domin miliyoyin tsofaffi da masu ƙaramin ƙarfi ba su da wayar zamani ko intanet. Cikin waɗannan tsofaffi akwai matan da suka koyi yankan takarda a zamanin Susan Samtur. Yau suna tsaye a layi ɗaya da jikokinsu, da kaza iri ɗaya a hannu, suna biyan kuɗi fiye da nasu, kuma babu tashar da ta aiko da kyamara.